Yadda ake zaɓar injin tsaga katako na tafi-da-gidanka idan jarin ba shi da yawa

Mafi yawan katakon da kafintocin Garwa, Marwa da Kusseri suke aiki da shi daga kurmin gabas da kudancin Kamaru yake fitowa. A loda shi a jirgin ƙasa ko a mota har Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan tireloli su yi arewa da shi, wasu har Njamena. Kowane zango da nasa kuɗin, shi ya sa falankin ayus, itacen nan mai laushi na kurmin kudu, yake zama abin lissafi kafin ya iso hannun mai yin ƙofa a Marwa. Alhali ga darbejiya da iska ke kayarwa duk damina, ga gonakin turare da mutane suka dasa sun isa yanka, ga tsofaffin mangwaro da ake sarewa idan za a yi gini. Yawancinsu a murhu suke ƙarewa, ko a yayyaga su da zarton sarƙa a yi asarar kaso mai yawa.

Injin da nake magana a kansa shi ne mai siririn zarto kamar ɗamara, wanda yake zagaye wili biyu. Gungumen yana kwance a kan gado na ƙarfe, kai kuma kana tura kan injin a bisa dogo, yana yanka falanki ɗaya bayan ɗaya. Ana iya kwance shi a ɗora a akori-kura a kai shi inda itacen yake. Ribarsa tana cikin sirantar zarton. Abin da yake ci a kowane yanka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zarton sarƙa kuwa yana cin 8 zuwa 10. Ka ɗauki gungumen da aka daidaita gefunansa ya zama santimita 30: idan kana fitar da falanki mai kaurin milimita 25, siririn zarto zai ba ka 11, na sarƙa ya ba ka 9.

Tambayar da kowa yake farawa da ita ita ce, na wane kamfani zan saya? Ni a wurina ita ce ta huɗu, kuma duk wanda ya sa ta a gaba yakan sayi injin da ya dace da wata ƙasa ba tasa ba.

Mataki na farko: auna gumaguman da za ka riƙa samu

Ɗauki awo ka je wurin itacen da kanka. Kada ka dogara da "akwai manya-manya a can" da dillali zai gaya maka. Auna kaurin gungumen a gindi da kai, auna tsawon da ya miƙe ba tare da karkata ba, ka rubuta. Yi haka ga itatuwa da dama daga wurare daban-daban da kake sa ran samu. Girman da ya fi yawan maimaituwa shi za ka saya wa inji, ba ƙaton maɗacin da za ka ci karo da shi sau ɗaya a shekara ba. Irin wannan ƙaton ana iya raba shi biyu da zarton sarƙa kafin a ɗora.

Ƙananan injunan da ake sayarwa suna ɗaukar gungume mai kaurin santimita 55 zuwa 76. Amma a lura da wani abu da tallar ba ta cika fitowa da shi fili ba: kaurin gungumen da inji yake ɗauka daban, faɗin falankin da zai iya fitarwa daban, kuma na biyun kullum ya fi ƙanƙanta. Nemi adadin biyu. Ga darbejiya da turare na gona, injin santimita 65 zuwa 70 ya wadatar.

Tsawo ma haka. Da yawa daga cikin masu araha suna zuwa da gadon da yake yanka kusan mita 3 kawai, alhali mai rufin ɗaki da ya saba da lat da shebron na kudu, wato siraran katakon rufi da masu kauri, yana neman doguwa. Sai dai wannan ba abin da zai sa ka sayi babban inji ba ne. Gado ƙarfe ne kawai; mai walda da ya san aikinsa zai ƙara maka tsawo da ƙarfen kwana, muddin ya yi shi a miƙe kuma faɗin dogon ya zo daidai da na asali. Kan injin shi ne abin da ba a ƙerawa a bakin titi.

Sai nau'in itacen. Itatuwanmu na nan arewa ba ayus ba ne. Maɗaci da darbejiya suna da jijiya mai sarƙewa, kirya da marke kuwa tauri gare su na gaske. Turare yana da wani hali nasa: ɗanyensa yana lanƙwashewa yana tsagewa da zarar zarto ya ratsa shi, don haka sai an riƙa juya gungumen ana yanka ta ɓangarori, ba a bi gefe ɗaya har ƙasa ba. Giginya a bar ta ga masu fasa azara, zarenta yana kashe kaifin zarto nan da nan. Ga kuma abin da ya fi duka ɓarna, wato yashi da ƙurar da suka shige cikin ɓawo, da ƙusoshin da aka buga wa itatuwan cikin gari don rataye allo ko igiyar rumfa. Ƙusa ɗaya tana iya lalata haƙora da yawa a ƙiftawar ido.

Mataki na biyu: takardu kafin ƙarfe

Wannan shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake iya sa a kwace inji. A Kamaru ma'aikatar gandun daji da namun daji, MINFOF, ita ke da iko kan sare itace da sarrafa shi da safararsa. Dokar daji ta 1994 ce aka daɗe ana aiki da ita, a 2024 aka yi sabuwa. Mai sarrafa katako yana buƙatar rajista, sarewa tana buƙatar izini, kuma katakon da ke kan hanya yana tafiya da takardar rakiya da ake kira lettre de voiture. Je ofishinsu na yankinka ka zauna da jami'in, ka gaya masa irin itacen da kake nufi da inda yake, ya faɗa maka takardar da ta shafe ka. A Chadi lamarin ya fi tsauri, domin tun ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnati ta hana sare ɗanyen itace da yin gawayi, kuma jami'an daji ba sa wasa da maganar.

Madobiya kuwa ka nisance ta. An yi mata wawaso a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya saboda kasuwar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017. Ni ina ganin wanda zai dawwama a wannan sana'a a ƙasar da hamada ke matsowa shi ne wanda ya jingina da itacen da aka dasa da wanda ya faɗi da kansa, ya kuma yi yarjejeniya da masu gonakin turare tun kafin injin ya iso. Idan ba ka da tabbacin gungumen halal da zai ishi injin aiki na wata da watanni, tsaya nan, kada ka je mataki na gaba.

Mataki na uku: raba jarin

Farashin da ka gani a intanet na ƙofar masana'anta ne. Kafin injin ya tsaya a filinka akwai kuɗin jirgin ruwa zuwa Duwala ko Kiribi, kuɗin duwan, wato kwastan, harajin TVA wanda yake 19.25 cikin ɗari a Kamaru, ladan wanda zai fitar maka da kaya daga tasha, da kuɗin mota zuwa arewa. Mai sayen daga Turai lissafinsa ya fi sauƙi, tunda Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kuma ba ya motsi. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka.

Shawarata ita ce kada kuɗin injin kansa ya wuce rabin abin da ke hannunka, in ya yi yawa kashi 60 cikin ɗari. Sauran na sufuri da duwan ne, da zarto aƙalla 20, da injin wasa haƙori da abin buɗa su, da zarton sarƙa na sarewa da gunduwa, da ƙugiyar juya gungume, da rumfa, da kuɗin sayen itace da man watannin farko. Injin da ya cinye jarin duka zai zauna a lulluɓe da tampol ranar da zarton ƙarshe ya dakushe. Gara ƙaramin inji da cikakkun kayan aiki.

A nan ne kuma za ka haƙura da na'urar haidirolik mai ɗaga gungume da juya shi. Tana da daɗin aiki, amma tana ninka farashi, kuma idan ta lalace gyaranta sai an sha wuya. Samari biyu da ƙugiya da gangaren katako za su yi wannan aikin. Haka tirela mai taya da ake sayarwa tare da inji. Kuɗinta da nauyinta a kwantena sun fi amfaninta, ana iya haɗa irinta a gida.

Mataki na huɗu: kamfanonin

Kashi uku suke a idon mai ƙaramin jari.

Akwai tsofaffin da suka yi suna. Wood-Mizer na Amurka ne, an kafa shi a 1982 a jihar Indiyana, yana da masana'anta a Folan da reshe a Afirka ta Kudu. Ƙaramin injinsa LT15, mai ɗaukar gungumen kusan santimita 70, ya daɗe yana aiki a ƙasashen Afirka. Abin da ya fifita shi a wurina ba ƙarfen ba ne kaɗai: kamfanin yana yin zartonsa da injin wasa su, kuma kayan gyaran samfurin da aka yi shekaru da dama ana samunsu. Idan ka gaji ka sayar, ba ya faɗuwa warwas. Norwood na Kanada da Logosol na Suwidin su ma suna cikin wannan sahu, aikinsu mai kyau ne. Matsalar duka ukun ita ce tsada, kuma dole ka tambaya ko suna da wakili a Kamaru ko Najeriya da yake ajiye kaya a shago, ba wanda zai yi maka oda kawai ba.

Sai na tsakiya, waɗanda aka tsara a Kanada ake ƙerawa a Sin. Woodland Mills yana da HM122, HM126 da HM130MAX, lambobin ƙarshe suna nuna kaurin gungume da inci: 22, 26 da 30, wato kusan santimita 55, 66 da 76. Frontier kuma reshen araha ne na Norwood. Waɗannan suna zuwa a akwati ka haɗa da kanka, littafin haɗawarsu a bayyane yake, kuma masu amfani da su sun cika YouTube da bidiyon gyara. Amma a san wa aka yi wa su: manomin Kanada ko Turai mai yanka wa kansa katako lokaci-lokaci, yawanci itace mai laushi. Za su yi maka aiki, amma idan kana nufin tsaga maɗaci daga safe zuwa yamma kwana shida a mako, boris da bel da ƙananan tayoyin da ke riƙe zarto za su riƙa ƙarewa da wuri. Sayi nasu na ajiya tun farko.

Na uku su ne na masana'antun Sin kai tsaye, yawancinsu daga lardin Shandong, waɗanda ake gani a Alibaba da sunaye barkatai. Su ne mafi araha, kuma ba na cikin masu cewa duk ba su da kyau. Wasu ƙarfensu ya fi na sahu na biyu kauri, kuma ana iya sa a ɗora musu injin dizal. Sai dai ingancin ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, wani lokaci ma daga inji zuwa inji, kuma garantin da ke kan takarda ba zai zo Garwa ya gyara maka komai ba. Wannan sahu ya dace da wanda yake da hannun makanikanci, ko yake da ɗan'uwa ɗan kasuwa a Gwanzu da zai je ya ga injin yana yanka kafin a rufe akwati. In babu ɗaya daga cikin biyun, sayen kifi a ruwa ne.

Za ka kuma ji ana ambaton Lucas Mill na Ostareliya, wanda aka sani a dazukan al'umma na kudancin Kamaru. Shi zartonsa faifai ne mai zagaye, ba ɗamara ba. Ana kafa shi a kan ƙaton gungume inda ya faɗi, yana fitar da lat da shebron da sauri, kuma haƙoransa ana wasa su a jikin injin. Amma yana cin itace fiye da siririn zarto, yana da tsada, kuma an yi shi ne don manyan itatuwan kurmi. Ga matsakaitan gumagumanmu ba shi ne zaɓin mai ƙaramin jari ba.

Idan aka matsa mini in zaɓa: LT15 na hannu mai lafiya in an samu, in ba haka ba ɗaya daga cikin na tsakiya mai santimita 65 zuwa 70. Amma matakai biyu masu zuwa suna iya rushe wannan zaɓin.

Mataki na biyar: zarto, a nan sana'ar take

Inji sau ɗaya ake saye, zarto kullum ake nema. Bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu na yanka, zarto yana buƙatar wasawa, a itace mai tauri ko mai yashi ma kafin haka. Wanda ya ci gaba da tura dakusasshen zarto zai ga falanki yana fitowa da tudu da kwari, zarton ya yi zafi, daga baya ya tsage ya tsinke. Da yawa daga cikin masu zagin injinsu, zartonsu ne ba shi da kaifi.

Don haka kafin ka biya ko sisi, nemi ma'aunin zarton injin a rubuce: tsawo, faɗi, kauri da tazarar haƙora. Wanda ya fi yawa a duniya faɗinsa milimita 32, kaurinsa kusan milimita 1, tazarar haƙoransa milimita 22. Tsawo ya bambanta. Na LT15 kusan mita 4 ne, na HM126 kusan mita 3.66. Idan injin yana amfani da wannan ma'auni na kowa, ba a ɗaure ka da kamfani ɗaya ba, kana iya sa zarton Wood-Mizer, Lenox, Bahco ko Ripper37, ana ma sayensa a naɗe a yanka a haɗa bakin da injin waldar zarto. Idan kuwa ma'auninsa baƙo ne wanda masana'anta ɗaya kaɗai ke yi, bar injin ko da kyauta ne.

Kula da kwanar haƙori. Zarton da yake zuwa cikin akwati yawanci mai digiri 10 ne, na aikin gama-gari. Itace mai tauri ya fi son digiri 7, mai tsananin tauri ko busasshe 4. Ga ƙaramin inji da itatuwanmu, sa a haɗo maka da na 7 da ɗan na 4 ka gwada.

Sai wasawa. Kada ka ɗauka mai wasa faffaɗan zarton manyan masana'antu zai iya da naka, injinsu daban ne. Zagaya garinku ka tambaya ko akwai mai wasa siririn zarto. In babu, injin wasawa ya zama wajibi a cikin odarka, tare da abin buɗa haƙora. Haƙoran zarto a karkace suke, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya a miƙe, kowane karkatacce kusan rabin milimita, domin hanyar da suke buɗewa ta fi kaurin zarton faɗi. Idan buɗin gefe ɗaya ya fi na ɗayan, zarton zai riƙa nutsewa ko hawa a cikin itace komai kaifinsa. Wanda ya koyi wannan aikin da kyau, wata sana'ar ce ma a hannunsa, don sauran masu inji za su riƙa kawo masa nasu.

Mataki na shida: injin da ke juya shi

A nan makaniken unguwarku ya fi ɗan talla sanin abin da ya dace da kai. Kai masa hoton injin da lambarsa ka ce, "Malam, ka san wannan? In kafiretonsa ya mutu, a kasuwar nan za a samu?" Amsarsa ta fi duk wata takarda.

Honda GX390, mai ƙarfin doki 13, da kwafinsa na Sin da ake kira 188F, irin su ne a cikin janareto da injin ban ruwa da suka cika ƙasar nan. Kayan gyaransu ba sa wuya. Kohler da Briggs & Stratton injuna ne masu kyau, amma ka tabbatar akwai kayansu kusa. Kada ka sauka ƙasa da doki 13 idan itace mai tauri za ka yanka. Mai doki 7 zai yanka, amma a hankali, kuma a zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 inji yana rasa wani abu na ƙarfinsa. Dizal mai silinda ɗaya, irin na injin niƙa, yana da sauƙin shan mai da juriya, sai dai nauyinsa da girgizarsa suna buƙatar kan inji mai ƙwari da aka yi dominsa.

Na lantarki ya fi kowanne sauƙin kulawa, amma sai idan a wuri ɗaya za ka zauna kuma kana da wutar lantarki mai layi uku. Ka tabbatar motar lantarkin da ke juya zarton ta volt 380 zuwa 400 ce mai hertz 50. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 60 ce. Ka kuma sa ɗaukewar wuta cikin lissafi, musamman a ƙarshen rani lokacin da ruwan madatsar Lagdo yake ja baya. Janareton da zai tayar da mota mai kilowat 7.5 sai ya ninka ta aƙalla sau biyu.

Ƙurar hunturu da garin katako su ne ajalin inji. Sayi matatar iska da yawa, ka riƙa duba ta kullum. In man bakin titi kake sha, tace shi kafin ya shiga tanki.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka biya

In da hali, kada ka sayi samfurin da ba ka ga irinsa yana aiki ba, ko da sai ka yi tafiya zuwa Ngaundere, Bertuwa ko Yola. Tafi da gungumenka na darbejiya ko maɗaci, kada ka yarda a gwada maka da ayus, domin ayus kowane inji yana yanka shi lafiya.

Kafin a tayar, kama kan injin da hannu biyu ka girgiza. Bai kamata ya yi kwaram-kwaram a kan dogo ba. Tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Buɗe murfin wili ka juya da hannu: zarton ya zauna wuri ɗaya a bayan wilin, ba ya gaba ba ya baya. Duba girman wilin. Mai kusan santimita 48 ya fi ƙarami kyau, don ƙaramin wili yana lanƙwasa zarto da yawa ya sa shi saurin tsagewa. Karanta lambar da ke jikin boris da bel, ka tabbatar irin na kasuwa ne. Ɗaga kan sama ka sake shi, ka ga ko yana zamewa ƙasa da kansa.

Sai a yanka. Ɗauki falankin farko ka goge garin, ka auna kaurinsa a wuri shida: gefe biyu a farko, biyu a tsakiya, biyu a ƙarshe. Bambancin milimita ɗaya ba komai ba ne. In ya kai uku, akwai magana. Ɗora doguwar ƙarfe miƙaƙƙiya a kansa ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, musamman kusa da inda reshe ya fito, don a nan zarto yake kaucewa. In ka ga haske yana ratsawa, sa a canza sabon zarto a sake. In ya gyaru, laifin zarto ne. In bai gyaru ba, laifin inji ne ko saitinsa.

Ga na hannu, ƙara duba ko gadon ya taɓa lanƙwashewa, ko akwai sabuwar walda a ginshiƙan kai, da launin hayaƙin inji. Tambayi mai shi dalilin sayarwa, sannan ka tambayi yaron da yake tura injin. Ka kuma karɓi takardar duwan ɗinsa.

Idan daga waje za ka yi oda kuma ba mai zuwa ya gani, sa a yi maka kiran bidiyo kai tsaye a yanka itace mai tauri a auna a gabanka. Duk abin da kuka yi magana ya shiga takardar farashi: sunan injin da ƙarfinsa, yawan zarto, kayan ajiya. Kada ka biya duka a gaba, kuma kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya maimakon na kamfani.

Mataki na takwas: isowa da kafawa

Yi magana da mai fitar da kaya a tasha tun kafin a loda, ya lissafa maka duk abin da za a biya a rubuce, kuma ya gaya maka takardun da ake buƙata daga can. Inji ɗaya ba ya cika kwantena, don haka haɗa kaya da wasu 'yan kasuwa ya fi sauƙi. Ka yi ƙoƙari ya iso da rani, kafin hanyoyin ƙauye su jiƙe.

Ranar haɗawa kada a yi gaggawa. Gadon shi ne tushen komai: a shimfiɗa shi a kan katako masu kauri ko daɓen siminti, a daidaita shi da ma'aunin ruwa ta tsawo da ta faɗi, a ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ga ya miƙe. Duk lokacin da aka kai injin wani wuri, sai an maimaita wannan. Kafin kowane yanka a ɓare ɓawon inda zarto zai shiga, ko a goge shi da burushin ƙarfe. Tankin ruwan da ke ɗiga a kan zarto a sa masa ɗan sabulun ruwa saboda ƙaro. Murfin wili ya kasance a rufe muddin inji yana juyawa, kuma kada kowa ya tsaya ta gefen da garin katako ke fita, don ta nan tsinkakken zarto yake iya fitowa. Da an tashi aiki a sassauta zarton.

Falankin da aka yanka a jera shi a inuwa, sama da ƙasa saboda gara, da siraran sanduna tsakanin kowane layi, tazarar kusan rabin mita, kowace sanda a saitin ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama. A shafa wa bakunan fenti ko tsohon kakin kyandir, musamman na turare. Iskar hunturu tana busar da baki kafin ciki, kuma falankin da aka bari a rana a watan Janairu kafin mako ya zagayo ya tsattsage.